Tanti mai tsini: don daren hadari ake sayensa

 

Tun da hotunan tantin nan mai tsini suka fara yawo a wayoyinmu, fari tas, an shimfiɗa darduma an kunna ƴan fitilu, tambaya guda ke ta dawo mana in an buɗe layi a shiri: wane iri ne ke jimawa, kuma ya cancanci kuɗinsa? Masu tambayar mutanenmu ne na gida. Akwai maigidan da ke son kai iyalinsa Ingal cikin Satumba, su ga bikin lasar gishiri na makiyaya da idonsu. Akwai masu zuwa maulidin Kiyota, inda ɗakunan gari ba sa ɗaukar baƙi. Akwai wanda ke kwashe yara zuwa ƙauye lokacin hutu ko girbi, ya tarar ɗaki biyu ne a gidan tsoho, mutane kuma ashirin. Minti biyar na rediyo ba ya isa a warware wannan magana, shi ya sa muka zauna muka rubuta.

Amsarmu a taƙaice: tanti don daren hadari ake sayensa. Da rana tsaka, iska na kwance, ko zanen gado ka rataya a sanda zai yi kyau a hoto. Abin dubawa shi ne ƙarfe biyu na dare, ga iska ta taso daga gabas, ga ƙura, ga ruwa na biye, ga yara huɗu a kwance. Tantin da ya tsaya a wannan sa'a shi ne mai ƙarko.

Kada kuma wani ya ce maganar ƴan gayu ce. Damanar 2024 ta koya mana. Ruwa ya rusa gidajen ƙasa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi, waɗanda abin ya shafa a ƙasar sun haura miliyan ɗaya, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda iyalai na zaune cikin azuzuwa. A 2020 kuma kogi ya ɓalle a Yamai, mutanen Saga da Lamorde da dama suka koma kwana a tanti. Gidan da ke da tanti nagari a ajiye yana da rufin da zai kwana a ƙarƙashinsa ranar da bango ya tsage, ba sai ya jira rabon agaji ba. Saboda haka kuɗin da za a sa a nan, kuɗin rufin asiri ne.

Bari mu fara da asalinsa, don a can ne aka ɓoye rabin amsar. Sunansa tipi. Kalmar daga harshen Lakota ta fito, ɗaya daga cikin al'ummun asali na filayen tsakiyar Amurka ta Arewa, ma'anarta mazauni. Su da maƙwabtansu Shayen mutane ne masu tashi da sauka kamar makiyayanmu, sai dai su garken ɓaunar ƙasarsu suke bi. Da fatar ɓaunar suke rufe tantin, a kan dogayen sanduna fiye da goma da ake haɗa kawunansu a sama. Da Turawa suka karkashe garkunan har suka kusa ƙarewa wajen 1880, sai aka koma amfani da yadin auduga mai kauri, irin na tantin soja. Mata ne ke jemar fatun, su ɗinka, su kafa, su kwance, kuma tantin na mace ne. Wanda ya san Abzin da Azawak ba zai yi mamaki ba, don a wurin Abzinawa ma tanti na matar gida ne, na fata ne ko na tabarmar kaba, da shi take shiga aure.

Me ya sa mai tsini? Ku dubi jinkar ɗaki ko kan rumbu. Abu ne zagaye, ba shi da faffaɗan bangon da iska za ta mara, sai ta zame ta gefe ta wuce. Ruwa ba ya samun wurin zama a kansa. Iska mai zafi kuma sama take hawa, ta fice ta ƙofar da ke can ƙololuwa. Tipi dai jinka ce aka sauke ƙasa.

A 1856 wani hafsan sojan Amurka, Henry Sibley, ya yi rajistar wani tanti da ya kwaikwayo daga tipi, amma ya rage sandunan suka koma ɗaya tal a tsakiya. Yawancin abin da ake sayar mana yau jikokin wannan ne: sanda ɗaya, yadi, igiyoyi, turaku. Ku riƙe wannan da kyau. Tipi na asali a kan sandunansa yake tsaye. Na yanzu kuwa ɗamewar igiya ce ke riƙe shi. In turke biyu suka fita ta ɓangaren iska, sauran ba su da abin yi.

Wani abu kuma da bai kamata mu kwafa ido rufe ba shi ne wajen da ƙofa ke kallo. Lakota gabas suke sa ƙofarsu, don a ƙasarsu daga yamma iska ke bugowa. Mu a nan, kowane manomi ya san hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ne ke fara zaizayewa a gidajenmu. Hunturu kuma daga arewa maso gabas yake zuwa da ƙurarsa. To, ƙofar tantinmu yamma za ta kalla, ko kudu maso yamma, inda iskar damana mai sanyi ke fitowa. Abzinawa da Wodaabe sun riga mu sanin haka, mazauninsu yamma yake kallo.

Yanzu sai yadi, inda mafi yawan kuɗin yake. Iri huɗu za ku tarar a kasuwa.

Na farko shi ne sirin yadin nailan ko poliyesta, mai ƙarar leda in an taɓa. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, yana bushewa da wuri. Amma rana tana cin sa. Ranar Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, tana busar da zarensa har ya riƙa yagewa kamar takarda. Ba ya numfashi kuma, da safe za ka ga cikinsa ya yi gumi yana ɗiga a kan yara.

Na biyu shi ne bashin roba irin na manyan motoci. Wannan ruwa ba ya ratsa shi ko kaɗan, iska ma haka. In aka yi rufi da shi, da hantsi ya zama tanda. Wurinsa ƙasa, a matsayin shimfiɗa, can yake da amfani.

Na uku shi ne yadin auduga tsantsa. Shi yana numfashi, ya fi sanyi da rana, ya fi ɗumi da dare, ba ya kaɗa da ƙara in iska ta taso. Hikimarsa ita ce zaren auduga yana kumbura in ya jiƙe, sai ƙananan ramukan saƙa da na allura su toshe. Aibinsa nauyi, da jinkirin bushewa, da hunhuna in aka naɗe shi da laima.

Na huɗu gauraye ne, auduga da poliyesta a saƙa ɗaya. Yana numfashi, ya fi auduga tsantsa saurin bushewa da jure yagewa. Ga iyalin da zai riƙa kafawa yana kwancewa cikin damana, mu wannan muke ba wa gaba.

Kauri da giram ake auna shi, a kan kowane murabba'in mita. Ga tantin iyali, a nemi wanda ya kama daga giram 280 zuwa 350. In kuna son abin kwatantawa, tantin iyali na HCR da muke gani a wuraren ƴan gudun hijira, rufinsa gauraye ne mai giram 350, faɗinsa duka murabba'in mita 23, nauyinsa wajen kilo 55, an yi shi don mutum biyar. Af, tun da mun ambace shi: wannan kayan agaji ne. In kun gan shi a kasuwa da araha, haƙƙin wani ne da ke kwana a fili, ku wuce.

Mai saye ba ya yawo da injin awo, amma yana da hannu da ido da hanci. A ɗaga yadin a kalli rana ta cikinsa. In ana ganin ɗige-ɗigen haske kamar rariya, saƙar ba ta matsu ba. A zuba masa ruwa kaɗan. In ya dunƙule ya gangara, an sa masa magani. A kafa baki a hura. Auduga tana barin iska ta wuce da ƙyar, roba ba ta bari. A sansana, warin ɗakin da aka rufe da damana alamar hunhuna ce, kuma yadin da ta ci ba ya komawa daidai. In mai kaya ya yarda, a zare zare ɗaya daga gefe a kusantar da ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Poliyesta narkewa yake, ya bar ɗan dunƙule mai tauri.

Akwai kuma lissafin da ke tona ƙarya tun daga nesa, musamman ga masu oda ta intanet. Tanti mai faɗin mita 5 da tsawon mita 3, yadin jikinsa ya kai murabba'in mita 30. In giram 320 ne, yadin kaɗai ya kusa kilo 10. Shimfiɗar ƙasa mai kauri za ta ƙara kusan wani kilo 10. Ga sanda, ga turaku, ga igiyoyi. Duka ba zai gaza kilo 25 ba. To in an ce maka tantin auduga ne na mita 5, amma jakarsa kilo 8, ka san ba auduga ba ce, ko kuma ta yi sirin da ba za ta ga damana biyu ba.

Launi ma abin dubawa ne. Fari yana kyau a hoto, amma jar ƙasarmu ba ta barin sa. Baƙi da shuɗi mai duhu suna shan zafi. Mai ruwan ƙasa ko ruwan yashi ya fi. Dan Allah kuma, a halin tsaron da muke ciki, a guji kore mai dabbare-dabbare irin na soja. Ba ka son wani ya hango iyalinka daga nesa ya ɗauke su abin da ba su ba.

Sai girma. A nan ne masu sayarwa ke cika baki. Za a rubuta mutum goma a jikin jaka, alhali lissafin an yi shi ne kamar an jera buhunan gero, ba kaya, ba wurin motsi. Ƙungiyoyin agaji murabba'in mita 3 da rabi suke ƙiyasta wa kowane mutum. Tantin mita 5 yana da fili ƙasa da murabba'in mita 20 kaɗan, ke nan mutum biyar. Na mita 4 yana da 12 da rabi, ke nan uku ko huɗu in akwai ƙananan yara. Kada a manta bangon a karkace yake. A tantin mita 5 mai tsawon mita 3, babban mutum zai iya miƙewa tsaye ne kawai tsakanin mita ɗaya daga sandar tsakiya, wurin da za a zauna kai bai taɓa yadi ba kuma rabin filin ne. Gefe-gefen na jaka ne da ƙafafu. Akwai masu ɗan gajeren bango a tsaye daga ƙasa kafin karkatar ta fara, waɗannan sun fi ba da wuri.

Ga gidan da ke da yara sun tasa, maza da mata, shawararmu a sayi matsakaita biyu maimakon ƙato ɗaya. Sutura ta samu, kowa da makwancinsa kamar yadda addini da al'ada suka tanada. Ƙari a kan haka, gajeren tanti ya fi dogo tsira daga iska, ya fi sauƙin ɗauka, in ɗaya ya samu matsala kuma akwai inda za a fake.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tanti ba ya mutuwa daga tsakiyar yadi, daga ɗinki yake fara mutuwa. A juya shi ciki waje a duba. Haɗin ƙyalle da ƙyalle ya zama an kalmashe an bi shi da layi biyu. Duk inda igiya ke kamawa a ga an ƙara ƙyalle na biyu, an ɗinke shi da kyau, don nan ne iska ke ja. Ƙololuwa, inda kan sanda ke tokarewa, ta zama mai ninki biyu ko uku, da hula a kanta wadda ake buɗewa a rufe. A ja madaukai da ƙarfi. In ka ji zare na ƙara a hannunka, to iska ba za ta yi masa da sauƙi ba.

Zif, wato farmatir, shi ne abokin gabar yashi. A nemi mai manyan haƙora, a riƙa goge shi da tsohon buroshi, a goga masa kyandir. Tantin da ke da maɗauran igiya a ƙofa bayan zif ya fi, don ranar da zif ya ƙi, ƙofa ba za ta kwana a buɗe ba.

Shimfiɗar ƙasa ta zama mai kauri, gefenta ya ɗago kamar santimita 10 don ruwa mai gudu, da kunama, da sauran baƙin dare. Wadda ake iya cirewa ta fi, don da rana sai a naɗe gindin bango iska ta ratsa, kamar yadda Lakota ke yi da zafi. Ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa ba sa jin kunyar roba, saboda haka a share wuri sosai kafin a shimfiɗa, a ɗora tabarma a sama. Kada shimfiɗar ta leƙo waje da bango, in ba haka ba ruwan da ya gangaro ita za ta tara shi ta kai maka har katifa.

To ga wurin da kusan duk tantin da ya zo daga waje yake gazawa a ƙasarmu: turaku. Waɗanda ke zuwa cikin jaka siraran waya ne, ba su fi tsawon hannu ba, an yi su don ƙasa mai ciyawa da danshi. A jigawa da hannu ɗaya yaro zai zare su. Maganin yana wurin mai walda na unguwa. A yanko ƙarfen gini mai kaurin milimita 10 ko 12, tsawon santimita 40 zuwa 50, a lanƙwasa kai. A kafa shi a karkace, kansa na kallon waje da tanti. In yashin ya yi laushi ƙwarai, a cika buhu da yashi a ɗaura igiya a binne shi, ko a binne guntun icce a kwance. A kifa gwangwani ko gorar roba a kan kowane turke saboda ƙafafun yara da dare.

Sandar tsakiya ta zama ƙarfe mai kaurin santimita 3 ko fiye, a sa mata ɗan katako a gindi don kada ta nutse. A tafi da igiya ta ƙari. Auduga tana tsukewa in ta jiƙe, don haka in ruwa ya sauka a ɗan sassauta igiyoyin da suka ɗame fiye da kima, bayan ya bushe a sake ɗamewa. Lokacin ruwa kuma a hana yara taɓa yadin daga ciki, inda aka taɓa nan yake fara tsatsafa.

Maganar sauro ba ta wasa ba ce. Watannin da aka fi fita, Agusta zuwa Oktoba, su ne watannin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitocinmu da yara. Tanti ya zama yana da raga a ƙofa da kowace taga. Duk da haka a tafi da sange, a ɗaura shi daga sandar tsakiya. Raga tana hana na waje shiga, amma wanda ya shigo lokacin da yara ke shiga da fita, sange ne kawai maganinsa.

Wuta kuma, a nan muke roƙonku ku saurara da kunne biyu. Za ku ga hotuna ana hura wuta a tsakiyar tipi. Gaskiya ne Lakota suna yi, amma tantinsu a buɗe yake a sama, da kunnuwa biyu da ake juyawa da sanda don su ja hayaƙi, iska kuma tana shiga ta gindi. Na kasuwa a rufe yake ruf, da shimfiɗar roba. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. Cikin sanyin Disamba da Janairu ne abin ya fi faruwa, lokacin da aka shigo da murhun shayi don a ji ɗumi. Murhu waje, ko da gawayin ya yi kamar ya mutu. In mutane suka tashi da ciwon kai da jiri da amai a tare, a fitar da kowa fili nan take, a nemi likita. Auduga kuma tana cin wuta. Alhazanmu na da sun san gobarar Mina ta 1997, wadda ta kashe mahajjata fiye da 300 cikin tantunan yadi, bayanta ne Saudiyya ta sauya su da waɗanda ba sa kama wuta. Girki ya yi nisa da tanti, ta inda iska ba za ta kawo tartsatsi ba. Haske kuma tocila ko fitilar rana, ban da kyandir da fitilar kananzir.

Wurin kafawa shi ma rabin ƙarko ne. Yashin cikin ƙorama da gulbi yana da laushi da daɗin kwanciya, amma ruwan da aka yi a wani gari da ba ka ma ji tsawarsa ba zai iya iske ka cikin dare. A hau ɗan tudu, ba ƙololuwarsa ba, kuma ba ƙarƙashin icce ɗaya tilo a fili ba saboda aradu, tun da sandar ƙarfe ce a tsakiya. Mai neman inuwar gawo ya tuna da damana yake zubar da ganye, inuwarsa ta rani ce. A duba suri da gidan tururuwa. Da safe a kakkaɓe takalma kafin a sa. A gaida maigari a nemi izini kafin a kafa turke a ƙasar mutane, a kuma tambayi hukuma halin hanya kafin a ɗauki iyali zuwa daji, don ba ko'ina ake zuwa ba a yanzu.

Ina za a samu? Sabo ana kawowa, gwanjo ma yana shigowa, mai haƙurin yawo a Katako ta Yamai, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi yakan dace. Doka ɗaya ce: ba a biya sai an kafa. Ciniki yakan tafi kamar haka.

"Malam, giram nawa ne yadin?"

"Alhaji, wannan ɗan Turai ne, ba ya mutuwa."

"Madalla. To mu kafa shi nan bayan shago, a kawo bokitin ruwa."

In ya ce bismillah, alama ce mai kyau. In ya fara cewa sauri yake, ko sandar na gida, a yi masa sallama cikin mutunci. Gani ya kori ji. Ga gwanjo a lura da wurin naɗi, nan yadi ke fara ruɓewa. A matsa da babban yatsa, in ya buɗe, sauran ma suna hanya.

Hanya ta uku ita ce ɗinkin gida, kuma kada a raina ta. Telolin da ke ɗinka bashin mota da rumfunan biki suna da keken da ke huda yadi mai kauri. Abin da za a kai musu shi ne yadi nagari da awo. Ga tantin mita 5 mai tsawon mita 3, ƙyalle goma ne masu kusurwa uku, gindin kowanne mita 1 da santimita 55, kowane gefe mita 3 da santimita 90, ban da abin kalmasa. A nemi zare mai ƙarfi na gauraye, a tsaya a kan layi biyu da ƙarin ƙyalle a wuraren ja. Amfanin na gida shi ne wanda ya ɗinka yana nan, ranar da ya yage ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon tantin auduga yakan ɗiga a ruwan farko, ba lalacewa ba ce. A kafa shi a tsakar gida, a jiƙa shi sharkaf, a bar shi ya bushe, sau biyu ko uku, har ramukan allura su toshe. A nan ne kuma kowa zai koyi aikinsa. Uwargida ta iya kafa shi da yara ko maigida ba ya nan, kamar yadda masu abin na asali suke yi.

Abin da ke kashe tanti a ajiye uku ne: laima, gara, ɓera. Kada a naɗe shi da danshi. In dole ta sa, a baza shi washegari. Kada a wanke shi da garin sabulu, yana cire maganin ruwan. A bari laka ta bushe a goge da buroshi. A rataye shi sama da ƙasa, ko a sa shi cikin tano mai murfi, nesa da buhun hatsi. Turaku a jakarsu daban don tsatsa. In zai daɗe a kafe, wata da watanni, a yi masa rumfar zana a sama, don ko auduga ba ta gagari ranarmu ba.

Ba kowa ne ya kamata ya saya ba, gaskiya. Mai tafiya a babur, kilo 25 ya yi masa yawa. Wanda dare ɗaya yake kwana waje a shekara, aro ko haya ya fi masa. Ƴan'uwa kuma suna iya haɗa kuɗi, ko a yi adashi, a sayi ɗaya nagari ya riƙa zagayawa: bana maulidi, baɗi biki, in damana ta zo da jarrabawa kuma a kai wa wanda ɗakinsa ya faɗi. Araha ba ta ado. Siriri uku da za a saya cikin shekara uku sun fi nagari ɗaya tsada, kuma ba ɗayansu da zai tsaya a daren da ake buƙatarsa.

Allah Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ba mu damana mai albarka marar ɓarna, waɗanda suka rasa matsuguni Ya mayar musu da mafi alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba. A gaida iyali.